Alkafura ko Alkahura: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Cikin kalmomin Turanci da suke yawan tona asirin marubuci a Nijeriya akwai wadda ake kiran alkafura da ita. Wani ya rubuta *somersault*, wani ya rubuta *summersault*, wani kuma ya ƙago tasa. Kalmar tana yawan fitowa a jaridunmu, domin a Turancin Nijeriya kusan duk motar da ta ƙwace wa direba ta kife, da ita ake ba da labarinta. Da zarar ta fito da harafin da wani bai saba gani ba, sai 'yan boko su yi caa a kan marubucin, kowa yana nuna ya sha karatu. Wannan hukunci ya biyo mu har cikin Hausa. Wanda ya rubuta *alkahura* sai a ce bai san ƙa'ida ba, ko a yi masa kallon baƙauye, wai daidai ita ce *alkafura*.

Gardamar nan ɓata lokaci ce, kuma laifinta ya wuce ɓata lokaci. Tana ɗauke hankalinmu daga asarar da ake tafkawa a gabanmu. Hausa tana da sunaye daban-daban ga juyin jiki daban-daban, sunayen da yaran karkara suke rarrabewa ba tare da wani ya koya musu a aji ba. Mu da muke riƙe da alƙalami mun tattara su duka mun cusa cikin kalma guda, ko kuma mun watsar da su mun ari ta Bature, sannan muka zauna muna musu a kan harafi ɗaya na kalmar da ta rage. An bar jaki ana dukan taiki.

## Turawan ma ba su taɓa daidaitawa ba

Mu fara da kalmar da ake yi mana gori a kanta. Ba ta Ingilishi ba ce tun asali. Ta shigo ne daga tsohon Faransanci, shi kuma ya karɓo ta daga harshen kudancin Faransa, inda ake cewa *sobresaut*. Tushenta kalmomin Latin ne guda biyu, ɗaya tana nufin sama, ɗaya tana nufin tsalle. Wajen shekarar 1530 an rubuta ta a Ingila da siffar *sobersault*. Da bakin Ingilishi ya ci gaba da tauna ta, sai gaɓarta ta farko ta koma kama da kalmar da suke kiran lokacin zafi da ita, aka sami *summersault*. Wasu kuma kunnensu ya jiyo sunan gundumar Somerset ta kudu maso yammacin Ingila, suka mayar da kalmar *somerset*, alhali gundumar ba ta da alaƙa da tsalle ko ta sisin kwabo.

Siffofin nan ba su ɓuya a bayan gari ba. Takardar tallan wasan da aka buga a 1843 domin rukunin Pablo Fanque, Baƙar fatan da ya mallaki gidan wasan nishaɗi a Ingila, da *somerset* ta yi amfani, kuma daga wannan takarda ce John Lennon ya ɗebo kalmomin wata waƙar Beatles ta 1967. Har yau ƙamus ɗin Merriam-Webster na Amurka yana kawo *summersault* a matsayin siffar da ba ta kai ɗayar yawa ba. Bai kira ta kuskure ba. Ke nan ɗan bokon da yake tsaye a Kano yana yanke hukuncin jahilci a kan wannan harafi ya fi masu harshen zafi, kuma ya fi su ƙarancin sanin tarihin abin da yake karewa.

Abin bai tsaya ga rubutu ba. Juyin da mutum yake yi da baya, hannuwansa su taɓa ƙasa kafin ƙafafunsa su dira, Amurkawa suna ce masa *back handspring*, a Turai kuma an fi saninsa da *flic-flac*. Wanda Amurkawa suke kira *round-off*, a Ingila akwai masu ce masa *Arab spring*, sunan da ba zai ba wa kowa mamaki ba idan ya san yadda 'yan wasan Maroko, masu danganta kansu da waliyyi Sidi Ahmad u Musa na yankin Sus, suka yi tashe a gidajen wasan Turai a ƙarni na 19. Faransawa kuwa, waɗanda suka ba Ingilishi kalmar, sun bar *soubresaut* ta koma nufin zabura ko firgita, alkafura kuma suna ce mata *saut périlleux*, wato tsalle mai haɗari. Ɗan Maraɗi da ya yi makarantar Faransanci wannan ya sani.

Harshen da muke yi wa kallon mai tsari ya rayu shekaru kusan ɗari biyar da wannan saɓani, bai mutu ba, kuma babu wanda ya karye a wuya saboda an rubuta *u* a gurbin *o*.

## Tsakanin *f* da *h*

Mu dawo gida. Bambancin *alkafura* da *alkahura* ba ganganci ba ne, kuma ba rashin karatu ba ne. Tsarin sautin Hausa ne ya haife shi. Sautin da muke rubutawa da *f* ba irin na Turanci ba ne da ake haɗa haƙori da leɓe. A bakin mafi yawan Hausawa leɓɓa biyu ne suke fitar da shi, shi ya sa yake karkata wani lokaci zuwa *p*, wani lokaci zuwa *h*. A Sakkwato da Katsina da Maraɗi za ka ji *hwaɗi* inda Bakano yake cewa *faɗi*. A Kanon ma, idan sautin ya zo gaban *u* ko *o*, sau da yawa *h* yake komawa.

Daidaitacciyar Hausar da ake yi mana barazana da ita ta amince da wannan tun tuni. Muna rubuta *dafa* amma mu rubuta *dahuwa*. Muna rubuta *tsoho*, jam'insa kuma *tsofaffi*, sunan halin *tsufa*. Tsofaffin littattafai cike suke da *fuɗu*, mu kuma yau *huɗu* muke rubutawa, kuma babu wanda ya ce magabata sun yi kuskure. Kalmar *hoto* da muka aro daga Turanci da sautin *f* ta zo, bakin Bahaushe ya mayar da ita *h* saboda *o* ɗin da ke biye. Wanda ya yarda da *dahuwa* da *hoto* amma ya ce *alkahura* jahilci ce, ra'ayin unguwarsu yake karewa, ya saka masa rigar ƙa'ida.

Ita kanta ƙa'idar mutane ne suka zauna suka tsara ta, suka kuma yi ta gyara ta. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da dokokinsa na rubutun boko a 1912. Haruffa masu lanƙwasa, *ɓ* da *ɗ* da *ƙ*, sai a shekarun 1930 suka zauna da gindinsu, *Gaskiya Ta Fi Kwabo* kuma, wadda ta fara fita a Janairun 1939, ta yaɗa su. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. An yi taron Bamako a 1966, aka yi na Yamai a 1980 domin a kusanto da rubutun Nijeriya da na Nijar, kuma duk da haka har gobe a Nijar ana rubuta *ƴ* inda littattafan makarantun Nijeriya suke rubuta *'y*. Karin Kano aka ɗauka ya zama ginshiƙi saboda dalilan mulki da kasuwa da ɗab'i. Zaɓi ne mai amfani, amma zaɓi ne, ba wahayi ba.

G. P. Bargery, wanda ƙamus ɗinsa ya fito a 1934 da kalmomi kusan dubu talatin da tara, ya fahimci abin da jikokin ɗalibansa suka manta. Idan ya tarar da kalma tana da siffa biyu, sai ya kawo su duka, ya sa alamar cewa wannan ta Katsina ce, waccan ta Sakkwato ce. Shi ya sa bayan shekaru casa'in masu bincike ba su daina buɗe shi ba.

## Abin da ake asara

Mai son ya ga arzikin da nake magana a kai, ya fita daga Kano ta yamma, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya shiga ƙasar Tofa. Yanki ne da gona take manne da gona, ƙauye yana hango ƙauye, daga Janguza zuwa Lambu, daga Doka zuwa Yanoko. Ƙasa ba ta hutawa a nan. Taki ne yake riƙe da ita shekara bayan shekara, gero da dawa da gyaɗa da wake suna cin gona ɗaya. Saboda haka filin wasan yara na lokaci ne. Da damina babu inda za a taka sai hanya da bakin kududdufi, ramin da aka haƙi ƙasar gini ruwan sama ya cika shi. Da kaka, idan an girbe an kwashe, gonakin su buɗe, ƙasar kunya ta yi laushi, ga tarin harawa, ga farin wata. Kowane wuri da irin juyin da yake karɓa, kowane juyi kuma da sunansa.

Yaron da ya kafa kansa a ƙasa, ya turo gindinsa sama, ya faɗa ta baya, *dungure* ya yi, wasu su ce *adungure*. Wasan ƙanana ne, kai ba ya barin ƙasa. Wanda ya tashi gaba ɗaya, ƙafa ta zaga ta saman kai ya dira, shi ne ya yi *alkafura*, kuma a kududdufi ma ana yin ta, inda mai iyo yake juyawa ya maka ƙafa a ruwa. *Wuntsilawa* da *hantsilawa* sun fi karkata ga faɗuwar da ba a shirya mata ba, kai ya riga ƙafa. *Mirginawa* ta gefe ake yin ta, kamar yadda ake mirgina turmi. *Birgima* a kwance ake yin ta, ana murza jiki a ƙasa, irin ta jaki ko ta yaro mai rigima. *Katantanwa* juyi ne a tsaye a wuri ɗaya, sunan ya fito daga ƙwanson da yara suke murzawa ya yi ta juyi a kan tsininsa. Sai *tuma* da *tsalle* da *dira*, waɗanda suke rarrabe tashi da saukowa.

A duba abin da wannan jeri yake yi. Yana bambanta juyi ta kai da juyi ta gefe da juyi a tsaye. Yana bambanta wanda ya bar ƙasa da wanda bai bar ta ba. Yana bambanta ganganci da tsautsayi. Babu kwamitin da ya zauna ya tsara wannan. Bakin mutane ne ya tace shi a kan gonaki irin na Tofa.

Sama da wasan yara kuma akwai na gwanaye. 'Yan hoto, masu wasan manoma, su ne suke cilla garma sama su tare ta da jiki a bukukuwan kaka irin su kalankuwa, ana kiɗa ana yi musu kirari. A rubuce sunansu ɗaya yake da na masu ɗaukar hoto, har yaron birni da ya gamu da shi a littafi zai zaci masu kyamara ake nufi. 'Yan koroso, da kacau-kacau a ƙafa, suna lanƙwasa jiki bibbiyu suna hawa juna. Kowace sana'a tana da yaren cikin gida da maigida yake koya wa yaronsa da shi, yana gaya masa inda zai sa hannu da lokacin da zai saki. Wannan yaren ne ya fi kowane kusa da ɓacewa, domin a bakin mutane ƙalilan yake.

Ƙasar da ta raini kalmomin ma tana tafiya. Duk wanda ya bi hanyar Gwarzo a 'yan shekarun nan ya ga yadda birni yake cin gonaki, ana yanka su fuloti-fuloti ana zagayewa da bulo. Gidan da aka gina da siminti ba ya barin kududdufi. Yaron da ya tashi a tsakar gida mai daɓen siminti ba zai kafa kai ya yi dungure ba, kuma kalmar da babu mai aikata abin da take nufi ba ta daɗewa.

## Wa abin zai shafa?

Mai karatu zai iya cewa wannan kukan masu son gargajiya ne, ba ruwan ma'aikaci da shi. Bari mu gwada.

Likita a ɗakin taimakon gaggawa an kawo masa yaro daga ƙauye. Uwar ta ce dungure yake yi ya ƙi tashi. Kalmar nan ita kaɗai ta gaya wa likitan cewa nauyin jiki a kan kai da wuya ya sauka, don haka ƙashin wuya ne abin fara kiyayewa kafin a motsa yaron. Da ta ce mirginowa ya yi daga kan tudu, wani wurin za a fara dubawa. Likitan da duk waɗannan kalmomi suka zame masa "ya faɗi" ya yar da bayanin da aka ba shi kyauta.

Ɗan jarida yana fassara rahoton haɗari. Turancin ya ce motar ta yi *somersault*, domin haka ake cewa a Nijeriya ko yaya motar ta juya. Shi kuma ya rubuta cewa ta yi alkafura. Amma wanda ya gani da ido cewa ya yi ta yi katantanwa a kan kwalta, sannan ta mirgina cikin rami ta kife. Wannan bayani ne da injiniyan hanya da jami'in kiyaye haɗurra da ma'aikacin inshora za su iya aiki da shi, domin motar da ta juya a tsaye da wadda ta mirgina ta gefe da wadda ta tashi ta goshi ba abu ɗaya ne ya same su ba. A nan Hausar mai shaida ta fi Turancin rahoton daidaito, fassarar kuma ta rage mata daraja. Haka abin yake a kotu, inda tafinta yake tsakanin mai shaida da alƙali, kalma ɗaya kuma tana iya karkata hukunci.

Sai malamin motsa jiki a firamare. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince da manufar koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na farko, ministan ilimi na lokacin, Adamu Adamu, kuma ya faɗa tun a ranar cewa aiwatarwa tana jiran littattafai da malamai. A Nuwamban 2025 aka sanar da soke manufar. Duk ra'ayin da mutum yake da shi a kan wannan, hujjar da ake maimaita mana a kullum ita ce harsunanmu ba su da kalmomin koyarwa. Ga fage guda da kalmomin suke zube a ƙasa, yara sun zo da su daga gida, amma malamin yana tsaye yana karanto musu *forward roll* daga littafi, su rubuta su haddace, ba su san dunguren da suka yi jiya da daddare ake nufi ba.

Har a sharhin wasanni ana ganin gurguntar. Ranar 7 ga Yunin 2002, a Kobe ta Japan, Julius Aghahowa ya ci Suwidin ƙwallon da ita kaɗai Nijeriya ta ci a gasar cin kofin duniya ta shekarar, ya bi ta da jerin juyi da baya wanda duniya ba ta manta ba. Kafin shi Celestine Babayaro, haifaffen Kaduna, ya saba murna da irin wannan. Idan za mu ba da labarin da Hausa, kalma ɗaya muke da ita a hannu, alhali juyin da hannu yake taɓa ƙasa daban, wanda ake yi a iska daban. Wasan su Simone Biles kuwa, wani ya kira shi wasan alkafura, wani wasan motsa jiki, wani ya cusa shi cikin tsalle-tsalle tare da masu tsallake sanda.

## Yadda masu abin suka yi

Hukumar duniya ta wannan wasa, wadda aka kafa a 1881, ba ta ɓata lokacinta a kan *o* da *u* ba. A kundin dokokinta kalmar *salto* take amfani da ita ga juyin da ake yi a iska, sannan ta ƙara bayanin da yake da amfani: gaba ko baya, sau nawa, jiki a dunƙule ko a naɗe daga ƙugu ko a miƙe, da murɗawa ko babu. Kowane motsi yana da harafin da yake nuna wahalarsa. Juyin da Biles ta yi a gasar duniya ta Stuttgart a 2019, alkafura biyu da murɗawa uku a tashi ɗaya, harafin J aka ba shi, kuma sunanta yake ɗauke da shi, kamar yadda wasu motsin suke ɗauke da sunan Mitsuo Tsukahara na Japan da Natalia Yurchenko ta tsohuwar Tarayyar Sobiyat. Masu tsalle cikin ruwa sun ma wuce nan, lamba suke amfani da ita. Idan alƙali ya ga 107B, ya san juyi ne ta gaba, uku da rabi, jiki a naɗe daga ƙugu, ko da wane harshe yake ji.

Darasin a fili yake. Inda maki da lafiyar wuya suke kan layi, abin da aka tsananta a kai shi ne kowane motsi ya sami sunan da ba ya rikicewa da na wani. Yadda kowace ƙasa take furta sunan a bakinta, an bar mata.

## Hujjar masu ƙa'ida

Masu tsananin ƙa'ida suna da maganar da ta cancanci a saurara. Suna cewa idan kowa ya rubuta yadda bakinsa yake faɗa, yaro ba zai san abin da zai rubuta a jarrabawa ba, mai neman kalma a ƙamus ko a intanet zai nemi ɗaya ya rasa ɗayar, harshen da mutane miliyoyi suke karantawa daga Agadas zuwa Kumasi kuma yana bukatar siffa guda da kowa zai gane. Gaskiya ne. Littafin makaranta da takardar gwamnati su zaɓi siffa ɗaya su tsaya a kanta, kuma *alkafura* ta dace da wannan matsayi. Aikin ƙamus ne ya kawo ɗayar ya nuna hanya zuwa ga 'yar'uwarta, kamar yadda Bargery ya yi, kamar kuma yadda ƙamusoshin Turanci suke yi wa tasu kalmar.

Sai dai zaɓar siffa domin aiki daban, jahiltar da mai ɗayar siffar daban. Kuma da tsananin nan na gaskiya ne, da an gan shi a inda rubutu yake sauya ma'ana. A ɗauki bayanin dungure: yaro ya kafa kai ya ɗaga ƙafa. A cire lanƙwasar haruffa, sai ya zama "ya kafa kai ya daga kafa". *Kafa* da *ƙafa* sun zama ɗaya, *ɗaga* ta koma *daga*. Wannan shi ne kuskuren da yake ɓata magana, kuma shi ne wanda manyan ma'aikatanmu suke tafkawa kullum a wasiƙu da sanarwa da allunan talla, da uzurin cewa wayarsu ba ta da haruffan, alhali saka su ba ya cin minti biyar. Mutumin da ba ya lanƙwasa *ƙ* amma yana dariyar mai *alkahura*, laifi tudu ne, ya taka nasa yana hango na wani.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Gorin harafi yana da amfani ga mai yin sa, domin hanya ce mai arha ta nuna aji. Gyara wa mutum *summersault* ba ya bukatar ka san komai game da juyin jiki, ko tarihin kalmar, ko Hausarta. Yana bukatar kawai ka tuna abin da malaminka ya ja wa jan layi. Tattara kalmomin 'yan hoto kuwa yana bukatar ka cire takalmi ka zauna a tabarmar wanda bai yi boko ba, ka yarda cewa a wannan fage shi ne malam.

## Aikin da yake jira

Abin da ake bukata ba shi da tsada. Sassan Hausa da na ilimin motsa jiki a Jami'ar Bayero da kwalejojin ilimi na Kano suna da ɗalibai da suke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai kowace shekara. A tura su ƙauyukan Tofa da Dawakin Tofa da Rimin Gado da kaka, da waya mai ɗaukar bidiyo. A ɗauki motsin, a tambayi mai yin sa sunansa, a tambayi tsoho yadda ake kiransa a da, a rubuta kowace siffa da garin da aka ji ta. A yi haka a Katsina da Sakkwato da Damagaram, a kwatanta. Sai bayan an gama wannan ne masana za su zauna su ga inda akwai giɓi na gaske, su ƙirƙiri abin da babu. Yin ƙirƙira a ofis kafin a tambayi masu abin shi ne yake haifar da kalmomin da ba sa fita daga takarda.

Wurin da ya fi dacewa da taron ma yana nan. Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, inda Vischer ya zauna, shi ne mazaunin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, wadda 'yan koroson jiha suke ƙarƙashinta. Gidan da dokokin rubutun boko suka fito daga hannun mai shi, yau masu lanƙwasa jiki suna shiga suna fita a cikinsa. A haɗa su da masu ƙamus a zaure ɗaya, na farko su nuna, na biyu su rubuta.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da yake hannun kowane mai karanta wannan. Edita ya daina barin alkafura ta wakilci duk wani juyi, ya tambayi wakilinsa yadda motar ta yi. Likita da lauya su saurari kalmar da aka zaɓa a gabansu kafin su fassara ta a zuci. Malami ya tambayi yara sunan abin kafin ya gaya musu na littafi. Wanda kuma ya ga an rubuta *alkahura*, ya gane cewa marubucin ya gaya masa daga inda ya fito, ya tambaye shi sauran kalmomin da ake da su a can.